Dutse a Kan Dutse a Titunan Misra

Tun ina yaro ƙafata ba ta san zama bayan sallar asuba ba. A Tarai, da an sallame sai in saɓa fartanya in nufi gona, ko da rani ne, babu abin yi a can sai duba iyaka da ganin inda dabbobi suka ratsa. Da wannan hali na sauka a ƙasar Misra, shekarar da na raka yayana neman magani.

Yayana malami ne, yana da makarantar allo a Kibiya. Shi mahaifinmu ya sa a karatu, ni ya sa ni a gona, saboda haka har furfura ta fara fito mini ban iya karanta allon kan titi ba, na boko ko na Larabci. Sai yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci nake iya rubuta wannan da hannuna. Ciwon ƙoda ya kama Yaya a shekarun da aka fara shari'a a Kano, ana ta hidimar siyasa. Aka yi na gida, aka yi na asibiti a Rano da Kano, daga baya wani tsohon ɗalibinsa da ya samu kujera a ƙaramar hukuma ya ɗauki nauyin fitar da shi waje. Aka ce sai da ɗan jinya. 'Ya'yansa ba su kawo ƙarfi ba, sai aka ce ni.

Ranar tafiya, muna jiran mota a tashar Rano, wani ɗan acaɓa mutumin Rurum ya dafa ni ya ce, "Baba, kai dai ka riƙe cikinka da kyau. Can ƙasar, an ce mai lafiya ma in ya yi sake, sai ya farka ya ga an ɗinke shi, ƙoda ɗaya ta yi gaba." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma na ajiye maganar a raina.

An kama mana ɗaki a can saman wani tsohon bene. Babu wanda muka sani a gidan. Ranakun wankin ƙoda wata mota ce take zuwa da rana ta ɗan ɗaga, direban ya danna oda a ƙasa. Ba ya jira, domin akwai wasu marasa lafiya a ciki. Da na ji odar sai in goya Yaya in sauko da shi matakala. Shi kaɗai ko banɗaki ba ya iya kai kansa sai da dafa bango. In kuwa wanki ya wuce shi, ƙafafunsa su kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Wannan shi ne aikina a ƙasar, kuma babu mai yi in ba ni ba.

Kwanakin farko ban fita ko'ina ba sai masallacin da ke gindin benen. In na dawo sai in yi ta kai-komo tsakanin taga da ƙofa. Wata safiya Yaya ya ajiye carbinsa ya ce, "Auta, don Allah fita ka zaga. Kana ta zagaye ni kamar akuya a turke, har jiri nake ji."

Ni ne ƙarami a gidanmu, don haka ko da gemuna ya yi fari, Auta yake kirana.

Na fita. Ban yi nisa ba na gane garin nan ba irin Kano ba ne. Kowane bene kamar ɗan'uwansa, launi ɗaya, tagogi iri ɗaya, ga tufafi a shanye a kowace baranda. Na juya sau biyu kawai, sai na rasa inda na fito. Da ƙyar na hango hasumiyar masallacinmu ta tsakanin gidaje.

Washegari na tuna da abin da mahaifinmu ya koya mana in mun shiga duwatsun Rurum neman itace ko zuma. Duk inda hanya ta rabu, sai ka ɗora ƙaramin dutse a kan babba, tsininsa yana kallon inda ka fito. Inda babu dutse, ka ƙulla kan ciyawa. Titunan unguwar kuwa cike suke da fasassun bulo. Sai na fara. A kowace kwana in tsuguna a gindin bango, in ɗora guntun bulo a kan wani, in wuce. Da haka kullum nake ƙara nisa, har na kai wata gada da ake hango ruwa daga kanta, da wani ɗan zirin gona kore shar a bakin ruwan, wani mutum yana yankan ciyawa yana loda wa jaki. Nan nake tsayawa in yi kallo har raina ya yi sanyi, sannan in juyo in bi duwatsuna zuwa gida.

Na san mutanen hanyar da ido. Akwai mai gurasa da yake tsayawa daura da benenmu, akwai mai dafaffen wake da ƙatuwar tukunyarsa a kan amalanke, akwai mai shayi da yake fito da kujeru yana yayyafa ruwa a ƙofar shagonsa. Kowa na yi masa sallama. Wasu su amsa, wasu su bi ni da kallo.

Kwanar titi ɗaya ce ta gagare ni. Wani gida ne mai tsabta, kullum a share yake tas, dutse ba ya kwana a gindinsa. Kuma a nan hanya ta fi rikitarwa, domin tituna da yawa ne suka haɗu. Babu ciyawar da zan ƙulla, sai na yago bakin wani tsohon rawani na Yaya, na ɗaura a ƙarfen tagar ƙasa ta gidan, na ƙulle shi tam don kada iska ta kwance.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa.

Da farko dutse ɗaya na rasa, na ce yara ne, ko masu shara. Na sake ɗorawa. Washegari biyu suka ɓace. Abin da ya tsayar da ni shi ne, a daidai inda dutsen yake, ƙasa a jiƙe take, ga wani farin abu ya bushe a gefe. Na dangwala na ɗanɗana, gishiri ne. Wani ya zo ya zuba ruwan gishiri a daidai inda nake tsugunawa.

A wajenmu, wanda yake bin inda ka taka yana zuba wani abu, ba alheri yake nufinka da shi ba. Mun sha jin an ɗebi ƙasar sawun mutum an kai wa boka. Daga ranar na daina bin gefen titi inda ƙura take, na koma tsakiyar kwalta inda ƙafa ba ta barin shaida, motoci suna ta yi mini oda. In na fito sai na yi addu'a na tofa a tafin hannu na shafe jikina.

Sai kuma tsummana ya ɓace. Ba kwance shi aka yi ba, da wuƙa aka yanke, na ga ɗan zaren da ya rage. Na yago wani na ɗaura.

A ranar na lura da mutumin. Mai gadin gidan ne, wani dogo mai kauri, da babbar riga ruwan ƙasa da farin rawani, yana zaune a kan benci a bakin ƙofa da sanda a tsakanin ƙafafunsa. Da ma ina ganinsa, ina yi masa sallama yana amsawa a ciki. Yanzu kuwa da na wuce sai ya miƙe. Na kai kwana ta gaba na waiwaya, yana nan tafe. Na tsaya kamar ina gyara takalmi, shi ma ya tsaya yana duban wani shago da ba a ma buɗe ba. Har gada ya bi ni. Da na juyo, ya raɓe a bayan amalanken mai wake.

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Ban nuna masa na gan shi ba. Wanda ya taɓa gadin masara ya san ba a yi wa ɓarawo gaggawa, zuba masa ido ake yi har a gane inda yake shigowa. Amma wata safiya na leƙa ta tagar ɗakinmu bayan na dawo, sai na gan shi a ƙasa wajen mai gurasa, suna magana, mai gurasar yana nuna saman benenmu da haɓa.

Na kasa haƙuri na gaya wa Yaya, amma ban faɗi zancen gishiri ba, don kada in ƙara masa damuwa.

"Yaya, akwai wanda yake bi na."

"Wa zai bi ka? Me gare ka?"

"Ƙoda biyu gare ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Ya kurɓi kaɗan, don ba a barinsa ya sha da yawa, ya ce, "In ƙodar manomi suke so, ai da sun gaya mini, ni da nake kusa da ita na fi su buƙata. To ka zauna a gida mana."

"In na zauna zai ce na ji tsoro. Kuma ya riga ya san gidan."

"Allah ya shirye ka, Auta. Ka dai kula da lokacin mota."

Ranar da abin ya faru ranar wanki ce. A irin ranakun ba na kaiwa gada, daga kwanar gidan nan nake juyowa. Na shirya wa Yaya jakarsa, na sa masa riga, na ce yanzu zan dawo. Tun a hanya na ga babu dutse ko ɗaya, amma ban damu sosai ba, na ce ƙafata ta saba. Na isa kwanar, benci babu kowa, tsummana kuma an sake yankewa. Na ciro wani daga aljihu na sunkuya zan ɗaura.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu.

Mai gadin ne. Ashe a bayan ƙofa ya laɓe. Ya ɗaga hannuna sama da tsumman a ciki, ya kwarma ihu. Kafin in ce wani abu mutane sun taru, mai shayi, masu wankin mota, wasu da kayan barci. Wata mata ta leƙo daga tagar sama tana nuna ni tana magana da ƙarfi. A cikin duk abin da suke faɗa kalma ɗaya nake ganewa, don mu ma muna da ita: sihiri.

Mai gadin ya shiga ya fito da wani tsohon bokiti ya juye a gabana. Duwatsuna ne, da tsummokarana, duk jiƙe da ruwan gishiri. Ko da hannu bai taɓa su ba, da bakin sanda yake tona su yana nuna wa mutane.

A nan na gane. Duk kwanakin da nake tsoronsa, shi ma tsorona yake ji.

Amma ganewar ba ta amfane ni da komai ba, domin babu bakin da zan yi bayani. Na ɗaga kai, rana ta riga ta sauko rabin benayen. Lokacin mota ya yi. Na fisge hannuna, aka ƙara riƙe ni. Na faɗi 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta a bakin Yaya, ɗan'uwa, mara lafiya, asibiti. Na dafa kwiɓina, na sunkuya na nuna yadda nake goyo. Wani ya yi dariya, wani kuma na ji ya ambaci 'yan sanda. Na san in aka kai ni can, ba a ranar zan fito ba, kuma Yaya bai san ma inda zai neme ni ba.

Wani dattijo mai tabarau ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya nuna ni, ya nuna hanya, ya yi alamar in wuce gaba su bi ni. Na gane nufinsa, in kai su wajen mara lafiyar in da gaske ne.

Na wuce da sauri, su biyar ko shida a bayana. Kwanar farko na bi daidai. A ta biyu na tsaya. Na dubi gindin bango, babu komai sai farin gishiri, kuma ba ya nuna gabas ko yamma. Da ni kaɗai ne cikin natsuwa, wataƙila da na gane. Amma ga mutane a bayana, ga rana tana hawa, sai duk titunan suka koma iri ɗaya kamar ranar farko. Na shiga dama, na ga wani shagon takalma da ban taɓa gani ba, na dawo. Na shiga hagu, na sake dawowa. Gunaguni ya tashi. Ko ba ka jin harshe, ka san sautin mutanen da suka yanke cewa ƙarya kake yi.

Na tsaya a tsakiyar titi, na rasa abin yi, na ce da Hausa, "Ku kuka kwashe mini hanya, yanzu kuma ku ce in nuna muku ita."

Mai gadin ya dube ni. Sai ya ja tsaki, ya kama hannun rigata ya ja ni. Bai yi shakkar kwana ko ɗaya ba. Wanda ya yi ta bi na a ɓoye ya fi ni sanin hanyar gidanmu.

Muna isa mai gurasa ya kaɗa hannu yana nuna ƙarshen titi. Motar ta zo ta tafi.

Na hau matakala da gudu. Na tarar da Yaya a zaune a kan matakalar sama, ya jawo jikinsa ya fito daga ɗaki, hularsa a karkace, jakar a kan cinyarsa, yana haki.

"Auta, ina ka shiga? Mutumin nan ya yi ta oda har ya gaji." Sai ya hango na bayana. "Su wane ne waɗannan kuma? Gayya ka ɗauko?"

"Yaya, wai sihiri nake yi musu."

"Kai? Kai da ko laya ba ka iya naɗewa ba?"

Na gaya masa komai a gurguje, har da gishirin. Ya juya ya yi musu magana da Larabcinsa na littafi, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi. Na ga dattijon yana murmushin jin irin Larabcin, amma ya saurara. Mai gadin kuwa bai yi murmushi ba. Ya yi doguwar magana yana buga sanda a ƙasa.

"Me ya ce?"

"Ya ce tun ranar da aka ga ƙulli a tagar, matar mai gidan da yake gadi take fama da ciwon kai, ba ta barci. Maigidan ya ce masa in aka sake ganin wani, ya tattara kayansa ya koma ƙauyensu. Ya ce kai kake neman yanke masa hanyar abinci, kuma kullum da safe kana yi masa sallama." Yaya ya dube ni. "Kai ma in ka tashi a Tarai ka ga tsumma a ƙulle a tagarka, me za ka ce?"

"A Tarai kowa ya san hanyar gidansa."

"Rawanina ne ma, ko? Na ga sai ƙanƙancewa yake."

"Yaya, bar zancen rawani. Mota ta tafi."

Ya dubi ƙafafunsa da suka fara cika takalmi. Ya faɗa wa dattijon wani abu, dattijon ya faɗa wa mai gadin. Mai gadin ya tsaya kamar ba zai motsa ba, sannan ya juya ya sauka. Na goya Yaya muka bi bayansa. Kafin mu kai ƙasa ya tsayar da wata tasi, yana magana da direban kamar sun san juna.

A nan na ja na tsaya da Yaya a bayana. Ban san direban ba, ban san hanyar asibitin ba, kuma wanda ya kawo motar ɗazu-ɗazu yake riƙe da wuyan hannuna.

"Yaya, ka tabbata?"

"Sa ni a mota, Auta. Numfashina ba zai jira ka gama bincike ba."

Na sa shi. Mai gadin ya shiga gaba, ban san dalili ba, ko taimako ne, ko so yake ya ga asibitin da idonsa. Ni dai hannuna yana kan mabuɗin ƙofa, idona yana kan titi, ina neman abin da na sani. Mun daɗe ban ga komai ba. Sai can na hango wani masallaci mai koren rufi da muke wucewa a motar asibiti, sannan na saki ƙofar.

An riga an ba wani gadon Yaya. Muka zauna a benci har bayan azahar kafin a ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. Mai gadin bai tafi ba sai da ya leƙa ya ga an jona masa robobin, jini yana bi. Sannan ya faɗa wa Yaya magana ɗaya ya fita, ko kallona bai yi ba.

"Ya ce kana iya wucewa ta ƙofarsu, amma kada ka ƙara ajiye ko tsinke."

Na ci gaba da fita, sai dai ban ƙara kaiwa gada ba. Titunan da na haddace kawai nake bi, in kai kwanar mai gadin in juyo. In na yi masa sallama yana amsawa, amma sai ya fara duban hannuwana kafin fuskata, ni ma kuma ban fasa waiwayawa ba in na wuce. Ban taɓa sanin ko uwargidan ta warke ba, ban kuma tambaya ba.

Ranakun wanki kuwa, har muka bar ƙasar ban sake taka titi da safe ba. Daga masallaci sai sama. In sa wa Yaya riga, in rataya jakar a wuyana, in zauna a bakin ƙofa da takalmina a ƙafa, ƙafar tana ta ƙaiƙayin tafiya, har sai na ji oda.